Yadda Ake Kafa Garmaho Mai Tsada a Kano, Daga Soket Har Zuwa Allura

Tun da aka san ina harkar faifai, tambaya ɗaya ake maimaita mini a siga daban-daban: na kashe kuɗi na sayi garmaho na ji da gani, me ya sa ba ya ba ni sautin da na ji a ɗakin wane? Wani ƙugi ne ya hana shi sakat. Wani muryar mawaƙin ce take ja kamar mai jin barci. Wani kuma faifai sabo dal, amma sai ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Idan na je na duba, ba kasafai nake samun laifin a jikin garmahon ba. Laifin yana bango, a soket, ko yana cikin iskar ɗakin. Ɗan littafin da ke zuwa a cikin kwali an rubuta shi ne don gidan da wuta ba ta rawa kuma ƙura ba ta shiga, shi ya sa yake farawa da allura. Ni a nan da wuta zan fara, allura sai can gaba, kuma ina roƙo a bi matakan yadda na jera su.

Kayan aikin da za ka tanada ba su da yawa: mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo, ƙaramin ma'aunin magina mai ɗigon iska a cikin ruwa, sikelin auna nauyin allura, takardar saita kan allura (wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura a ƙarshen hannun garmaho), ƙaramar sukundireba, hantsaki, ɗan madubi, burushin faifai, da tocila mai haske sosai.

1. Karanta bayan na'ura kafin ka biya

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, tana bugu 50 a daƙiƙa, abin da za ka ga an rubuta 50Hz. Haka take a Ingila da sauran Turai. Ta Amurka bolt 120 ce a kan 60Hz, ta Japan bolt 100. Kowa ya san maganar bolt, shi ya sa ake sayen tiransfomar rage wuta. Maganar bugun ce ba a sani ba, kuma ita ce take kayar da mutane.

Wani dattijo a Nassarawa, ɗansa ya aiko masa da garmaho mai bel daga Amurka, ya sa aka kira ni. Ya ce, "Malam, zauna ka ji. Wannan faifan na san shi tun ina saurayi, ba haka muryar mutumin nan take ba." Na saurara, na juya bayan na'urar na haska. Na ce, "Ranka ya daɗe, kunnenka bai yi ƙarya ba." Ɗan injin da ke juya farantin irin wanda yake ɗaukar saurinsa daga bugun wuta ne. An ƙera shi don 60, ana ba shi 50, don haka faifan da ya kamata ya yi juyi 33⅓ a minti yana yin ƙasa da 28. Tiransfoma tana rage bolt, ba ta taɓa bugu. Maganin shi ne ko a canza ɗan gargaren da bel ke ratayawa a sa na 50Hz, ko a samo akwatin wuta mai haifar da nasa bugun.

Saboda haka ka tambayi mai sayarwa irin injin da ke ciki. Masu bel da yawa, irin su Rega Planar 3 da tsofaffin Linn Sondek LP12 da Thorens, suna bin bugun wuta muddin ba a haɗa su da akwatin wuta na musamman ba. Tsofaffin Garrard 301 da 401 masu tayar roba su ma da gargaren 50 ko na 60 suke zuwa. Technics SL-1200 kuwa, daga MK2 na 1979 zuwa sama, farantin yana zaune ne kai tsaye a kan injin, kuma saurinsa a ɗaure yake da agogon kwaz na ciki, wato ɗan agogon lantarki mai bugu tsayayye, ba ruwansa da bugun soket. Masana sauti na ta jayayya a kan wanne ya fi daɗi tsakanin mai bel da maras bel. Ni dai ga mutumin Kano da ke son garmahonsa na farko mai kyau, wanda ba ya son ciwon kai, maras bel mai kwaz nake nuna masa.

Hattara: kayan da suka biyo ta kasuwar Alaba ta Legas ko waɗanda za ka tsinta a Sabon Gari, sau da yawa an riga an yanke fulogi an sa namu. Fulogi mai baki uku ba shaida ba ce. Rubutun da ke jikin ƙarfen baya shi ne shaida.

2. Raba kuɗin tun kafin su ƙare

Kayan nan da dala ko fam ake sayensu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, don haka duk farashin naira da na rubuta yau gobe ya tsufa. Rabon da nake ba da shawara dai ba ya tsufa. A cikin kowace naira ɗari, arba'in ga garmaho da hannunsa, ashirin ga kan allura, ashirin ga akwatin fono (mai ɗaga sautin allura kafin ya shiga amfilifaya), goma sha biyar ga gyaran wuta, biyar ga kayan aiki da na wanki. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba saba'in a garmaho, talatin a kan allura, sannan ya soka komai a doguwar soket ɗin da firji yake kai.

3. Gyara wutar ɗakin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Ɗauki mita ka auna soket ɗin da za ka yi amfani da shi sau uku a yini: da safe, da azahar, da bayan magariba lokacin da kowa a unguwa ya kunna kayansa. Ka yi haka kwana uku kana rubutawa. Idan wutar tana zama tsakanin 220 da 240, ka yi sa'a. Idan tana faɗuwa ƙasa da 200 ko tana tsalle, kana buƙatar sitabilaiza, kuma mai ɗan inji a ciki wadda ake kira servo da Turanci, mai bin wuta a hankali. Mai rilai, wadda kake jin ƙas ɗinta duk lokacin da ta canza, wannan ƙas ɗin zai fito maka a sifika. Amma ka riƙe wannan: sitabilaiza bolt kawai take gyarawa. Idan bugun wuta ya kauce, ba ta san an yi ba.

Bugun kuwa yana kaucewa. Na layi yana ɗan yawo sama da ƙasa da 50. Na janareto ya fi muni, domin da zarar na'urar sanyaya ɗaki ko sumon rijiya ya tashi, sai janareton ya yi nishi, bugunsa ya sauka, garmaho mai bin bugu ya sauka tare da shi. Kaucewar bugu ɗaya tak a cikin 50 kashi biyu ne cikin ɗari, kuma mai kunne zai ji shi a doguwar muryar da aka ja ko a karar goge.

Abin da ya fi mini aiki shi ne inbata da batir, kuma albarkar sola da ta cika gari yanzu ta sauƙaƙa wannan. Sharaɗi biyu ne. Na farko, inbatar ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin. Mai araha wadda ke sa fanka ta riƙa kuka, za ta sa tiransfomar amfilifaya ta yi kuka, ta kuma ɗumama injin garmaho. Na biyu, ka sani yawancin inbatoci idan an kawo wuta sai su miƙa maka ta layin yadda ta zo, su koma cajin batir. Idan za ka zauna sauraro na gaske, ka kashe shigar wutar layi zuwa inbatar, ka ja daga batir zalla. Garmaho da akwatin fono ba su cin wuta ko kaɗan, amfilifaya ce mai ci.

Sai atin, wato wayar da ke sauka ƙasa. Gidaje da yawa a garin nan soket ɗinsu baki uku ne amma waya biyu ce a ciki. Sa mai gyaran wuta ya buɗe a gabanka. Idan babu, a haƙa rami a kafa sandar tagulla, a ja waya mai kauri har soket ɗin kayan sauti. Masu aikin kan zuba gawayi da gishiri a ramin don ƙasar ta riƙe danshi. Da rani ƙasar Kano tana bushewa ƙayau, atin ya yi rauni, sai ka ji ƙugin da babu shi da damina ya dawo a watan Maris. Ni bokitin ruwa nake zubawa a gindin sandar duk mako idan zafi ya tsananta. In da hali, a ja wa kayan sautin layinsu daban daga allon rabon wuta, kada su haɗa da firji, injin ban ruwa, ko na'urar sanyaya ɗaki.

Hattara: wani zai ce maka ka cire bakin atin na fulogin amfilifaya ƙugi zai tafi. Wani lokaci yakan tafi. Amma ranar da waya ta sale a ciki, jikin ƙarfen na'urar ne zai ɗauki wutar, kai ko yaronka ne za ku zama atin ɗin. Kada ka yarda.

Wajen kunnawa, garmaho da akwatin fono ne farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa, amfilifaya ce farko. Idan aka ɗauke wuta ka kashe soket kafin a dawo da ita, kuma idan hadari ya haɗo da tsawa, zare fulogin gaba ɗaya.

4. Zaɓi mazauninsa

Allura ba ta bambanta rawar da ke cikin tsagin faifai da rawar da ta zo daga tebur. Duk abin da ya girgiza ta, sauti ne. Sa'armu ɗaya a nan, yawancin ɗakunanmu daɓen siminti ne ko tayil, ba katako mai lilo ba. Tebur mai nauyi maras rawa ya isa, ko kanta da aka ɗaure a jikin bangon bulo. Kafinta ko mai walda zai yi maka ita da kuɗi kaɗan, a ɗora guntun dutsen giranit daga masu sayar da tayil. Kada garmaho ya hau tebur ɗaya da sifika, kada ya zauna a kusurwar ɗaki inda kaurin sauti ke taruwa, kada rana ta taga ta same shi.

Ɗora ma'aunin magina a kan farantin kansa, ba a kan jikin akwatin ba. Duba hagu da dama, duba gaba da baya, ka murɗa ƙafafun har ɗigon iskar ya tsaya a tsakiya. Idan wannan ya karkace, duk saitin da zai biyo baya a karkace yake.

5. Faranti, bel da boris

Wasu garmahon suna zuwa da sukurori da aka ɗaure don tafiya. Cire su, ka adana su cikin kwalin. Idan kamfanin ya haɗo da ɗan mai na boris, zuba adadin da ya ce, ka sa ƙarfen tsakiya ka bar shi ya nutse da kansa. Yakan ɗau lokaci saboda iskar da ta maƙale a ciki. Kada ka danna. Kada kuma ka sa baƙin mai na mota ko man girki don na asalin ya ƙare.

Wanke hannu kafin ka taɓa bel, maiƙo yana sa shi sulɓi. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana saki roba da wuri, don haka ka yi odar bel biyu tun farko, ka ƙulle na ajiya a leda a wuri mai sanyi da duhu.

6. Akwatin wutar garmaho da auna sauri

Idan garmahonka mai bin bugu ne, wannan akwatin shi ne abu mafi amfani da za ka ƙara masa a garin nan, ya fi canza allura amfani. Aikinsa ya karɓi wutar soket ya mayar da ita miƙaƙƙiya, sannan ya haifar da sabon bugu daga agogon kwaz. Lingo na kamfanin Linn, wanda ya fito a 1990, haka yake yi: 50Hz don juyi 33⅓, da 67.5Hz don juyi 45. Rega na da Neo don injinansu masu bolt 24, Pro-Ject na da Speed Box. Ƙarin daɗi, ka huta da ɗaga faranti kana matsar da bel duk lokacin da za ka sa ƙaramin faifai.

Hattara: waɗannan akwatunan ba a musayarsu tsakanin kamfanoni. Haka ma ƙananan adaftocin da ke zuwa da na'ura. Wasu AC suke fitarwa, wasu DC, bakinsu kuma iri ɗaya. Idan taka ta ƙone, kada ka shiga kasuwa ka ce a ba ka mai wannan bakin. Bolt, AC ko DC, ƙarfin amfiya, da wajen da wayar fozitif (+) take, duk huɗun sai sun dace.

Yanzu auna sauri. Akwai faifan takarda mai zane-zane da ake haskawa da fitilar soket, idan zanen ya tsaya cak wai sauri ya yi daidai. A nan akwai tarko. Idan fitilar da injin garmahon daga janareto ɗaya suke sha, tare za su kauce, zanen ya tsaya cak alhali faifan yana gudu ko yana ja. Na taɓa ɓata dare guda ina rantsuwa saurina daidai yake saboda wannan takardar. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka manna ɗan tef a gefen faranti, ka sa agogon waya, ka ƙirga. A kan 33⅓, juyi 100 cif a minti uku. A kan 45, juyi 135 a minti uku. Ka yi shi da allura a kan faifai in so samu ne, bayan injin ya yi minti goma yana juyi.

7. Ɗaura kan allura

Kafin komai, cire babbar riga. Da gaske nake. Allura mafi tsada da na taɓa mallaka hannun riga ne ya tafi da ita ranar wata Juma'a: na dawo daga masallaci, na miƙa hannu zan ɗauki faifai, aljihun hannun ya shafi kan, ban ma ji komai ba. Da na duba sai ɗan ƙarfen ya kalli gabas. Sa riga mai gajeren hannu, kashe fankar sama, rufe ƙofa, ka bar murfin allurar a kanta har sai inda dole a cire.

Wayoyi huɗu ne siraran gaske. Fara ta hagu ce mai kai sauti, shuɗiya abokiyarta. Ja ta dama ce, koriya abokiyarta. Da hantsaki za ka kama su, a wajen ɗan ƙarfen bakin, ba a jikin wayar ba. Ɗaura sukurorin biyu sakwa-sakwa yadda kan zai iya zamewa gaba da baya.

Saita nauyi na wucin gadi. Mayar da maɓallin hana zamiya, wanda ke hana hannu zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifili, ka murɗa ƙarfen nauyi na bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Riƙe ƙarfen, juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifili, sannan ka murɗa duka zuwa nauyin da kamfanin ya ce. Audio-Technica VM95E giram 2 take so, Ortofon 2M Red da Blue giram 1.8, Denon DL-103 giram 2.5.

Sai jeri, wanda shi ne mai cin haƙuri. Hannu yana tafiya ne a baka, tsagin faifai kuwa an yanka shi a miƙe daga gefe zuwa tsakiya, don haka wurare biyu ne kaɗai allura take iya zama daidai da tsagi. A lissafin Baerwald, wanda aka fi bi, wuraren su ne milimita 66 da milimita 120.9 daga tsakiyar faranti. Zura takardar saitin a ƙarfen tsakiya, ka toshe farantin da ɗan soso kada ya juya. Sauke allurar a ɗigon waje, ka leƙa ta gaba da tocila: ɗan ƙarfen da ke ɗauke da allurar ya bi layin takardar sak. Shi za ka kalla, ba jikin kan ba, domin jikin kan yakan yi ƙarya. Koma ɗigon ciki. Idan bai dace ba, zame kan gaba ko baya da kamar kaurin farce, ka sake duba duka biyun. Za ka yi ta kai da kawowa sau biyar ko goma. Masu Technics an sauƙaƙa musu: akwai ɗan farin ma'auni da ke sa allura milimita 52 daga gindin marikin kai. Idan ka buga takardar saitin a shagon kwamfuta, ka ce kada a rage girmanta ko a ƙara, sannan ka auna da rula ka tabbatar.

Idan jeri ya yi, ƙara ɗaure sukurorin a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, ka sake duba ko kan ya motsa. Yanzu auna nauyi na gaskiya da sikeli, a tsayin da faifai yake zama, don lambobin jikin hannu ba kullum suke faɗin gaskiya ba.

Hattara: ƙaramin sikelin masu sayar da gwal yana auna giram daidai, amma idan farantinsa ƙarfe ne mai kama maganaɗisu, maganaɗisun kan zai fizgo shi ya murƙushe allurar. Gwada shi da maganaɗisu tukuna. Kuma kada tsoron cin faifai ya sa ka rage nauyi. Allura maras nauyi tsalle take yi a cikin tsagi tana dukan bangonsa, ta fi mai ɗan ƙarin nauyi ɓarna. Ɗaya ɓangaren kuma, dabarar iyayenmu ta ɗora kwabo a kan hannu don faifai ya daina tsalle, a bar ta a zamanin da ta yi.

Saura uku masu sauri. Leƙa ta gefe da allura a kan faifai: hannun ya kwanta daidai da faifan, in ya karkata ka ɗaga ko ka sauke gindinsa idan naka yana da wannan damar. Ɗora kan a kan ɗan madubi ka leƙa ta gaba: allurar da hotonta su zama layi ɗaya a tsaye. Sannan ka kai maɓallin hana zamiya lamba daidai da nauyin allurar. Idan sautin dama ya riƙa tsagewa a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi, ƙara kaɗan. Idan na hagu ne, rage.

8. Akwatin fono

Abin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne ƙwarai, kuma a karkace yake da gangan. Wajen yanka faifai ana rage kaurin sauti da kusan desibel 20 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), a ƙara kaifinsa da kusan haka, bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954. Akwatin fono ne yake mayar da shi daidai ya kuma ɗaga shi. Shi ya sa idan ka soka garmaho kai tsaye a ramin AUX za ka ji sauti can ƙasa siriri kamar na sauro. Kishiyar wannan kuskuren ita ce ka fito daga akwatin fono ka shiga ramin PHONO na amfilifaya, a yi gyaran sau biyu, sauti ya kumbura ya fashe. Daga akwatin fono, AUX ko LINE za ka shiga. Idan garmahonka yana da nasa fonon a ciki, kashe shi tukuna.

Kan allura iri biyu ne. MM, mai motsa maganaɗisu, yana ba da milibolt 3 zuwa 5 ko ɗan sama, yana son ɗagawar desibel 40 da lodin om dubu 47, wato juriyar wutar da akwatin fono ke ɗora wa kan. MC maras ƙarfi, mai motsa naɗin waya, yana ba da abin da bai kai rabin milibolt ba galibi. DL-103 milibolt 0.3 ne kacal. Irin wannan desibel 60 yake so ko ɗan sama. Lodinsa kuwa, fara da kamar ninki goma na juriyar cikin kan: DL-103 om 40 ne, to ka fara a wajen 400, ka saurara. In sauti ya yi kaifi da yawa ka sauko, in ya yi dum kamar an rufa masa bargo ka hau. Wasu sun fi son ƙaramar tiransfomar ɗagawa mai ninki goma a gaban ramin MM. Ba ta shan wuta ko kaɗan, kuma kan yana ganin om 470 ta cikinta.

Ga MM akwai lissafin da ake mantawa. Audio-Technica na son kafasitans, wato yawan wutar da waya da akwatin fono ke iya riƙewa, ya zama 100 zuwa 200pF gaba ɗaya, kuma wayar hannu da wayar da ta fito daga garmaho sun riga sun cinye kusan ɗari ko fiye. Don haka ka sa akwatin a mafi ƙanƙantar lamba, kada kuma ka ƙara tsawon wayar. Idan amfilifaya tana nesa, akwatin fono ne zai matso kusa da garmaho, doguwar waya ta biyo bayansa.

Ra'ayina a kan zaɓi: MC mai kyau ya fi fito da ƙananan abubuwa, ban musa ba. Amma ɗagawar desibel 60 ninki dubu ce, kuma duk dattin wutar gidanka sau dubu zai ɗagu tare da kiɗan. Sannan idan allurarsa ta karye ba ka iya canza ta da hannu, sai an aika ƙasar waje. Ta MM zare ta ake yi a sa wata, har ma kana iya hawa mataki: duk alluran jerin VM95 suna shiga jiki ɗaya, ta 2M Blue tana hawa jikin Red. Wanda bai gama da mataki na 3 ba, ya zauna a MM.

Wutar akwatin fono ita ma abin kula ce. Ƙaramar adafta mai sauƙin nauyi irin ta cajar waya takan zubo ƙara. Mai tiransfoma mai nauyi ta fi shiru, mai batir ta fi duka. Ko wacce ce, ka nisanta ta da akwatin da kan allura da aƙalla kamu ɗaya, kada ka ɗora akwatin fono a kan amfilifaya, kuma inda wayar sauti za ta haɗu da wayar wuta su gitta juna, kada su jera.

9. Farautar ƙugi

Ɗaure siririyar wayar atin ta garmaho a sukurun da aka rubuta GND a bayan akwatin fono. Masu Rega kada su neme ta, tasu tana cikin wayar sautin. Kunna komai, kada ka sa faifai, ka ɗaga murya a hankali. Shuu mai laushi can ƙasa ba laifi ba ne. Ƙugi mai kauri na atin ne ko na tiransfomar da ke kusa. Zizar ƙudan zuma kuwa daga caja take zuwa, ko ƙwan fitila mai araha, ko maɓallin rage gudun fanka, ko inbata.

Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Zare wayar garmaho daga akwatin fono: in ƙarar ta tafi, laifin yana wajen garmaho, ka duba wayoyi huɗun nan. In ƙugin yana ƙaruwa idan hannu ya matso tsakiyar faifai, injin ne ko tiransfomar ciki take shiga kan. In ka zare wayar ƙarar ba ta tafi ba, bi kayan ɗakin kana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Dikodar tauraron ɗan'adam da aka haɗa da amfilifaya ɗaya tana yawan jawo shi, saboda wayar kwanonta tana da nata atin daban. Duk kayan sautin su sha daga soket guda.

10. Ƙura da wankin faifai

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa har faifai ya riƙa ɗaukar tartsatsi, ka zaro shi daga riga ya ɗago tabarmar faranti tare da shi, ya jawo duk ƙurar ɗakin. Yawancin ƙas-ƙas ɗin hunturu ke nan. Cire tabarmar ulu ka sa ta roba ko ta fata, ka ajiye na'urar ƙara danshi ko ko da kwanon ruwa da jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, ka share faifai da burushi kafin kowane gefe. Allura kuwa daga baya zuwa gaba ake share ta, ba ta gefe ba, kuma ba da yatsa ba. Ka gaya wa duk mai share ɗakin cewa tsumma ba ya zuwa kusa da wannan teburin.

Tsofaffin faya-fayan da EMI da Decca suka buga a Legas, waɗanda ake tsinta a akwatunan iyaye da ƙurar shekara arba'in a tsaginsu, kada sabuwar allura ta taɓa su sai an wanke. Tataccen ruwa za ka nema a wajen masu kayan ɗakin gwaji, kashi huɗu, da kashi ɗaya na sinadarin aisofurofil. Ruwan rijiyar burtsatse yana barin gishiri, kuma abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir wani lokaci da asid a ciki. Shafa da burushi mai laushi kana bin tsagi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka jingine su a tsaye a ɗaki rufe su bushe, sannan a sa musu sabuwar riga.

Hattara: faifai mai nauyi mai juyi 78, wanda ke fashewa kamar tangaran, ba roba ba ne, kuma wannan sinadarin narkar da shi yake yi. Shi ruwa zalla da ɗigon sabulu maras ƙamshi, a shanya nan take. Tsaginsa ma ya fi faɗi, yana da allurarsa daban mai kauri. Ta faifan zamani za ta nutse har ƙasan tsagin ta kwaso ƙara kawai.

A tsaye ake ajiye faifai, ba a jibge ba, nesa da bangon da rana ke duka. Idan ka sayo a kasuwa da rana tsaka, kada ka bar shi a mota ka shiga sallah ko cin abinci, domin kafin ka fito ya lanƙwashe kamar faifan kaba. Ka kuma sami ɗan littafi kana rubuta gefe nawa ka saurara. Gefe uku kusan awa ɗaya ne, kuma allura mai siffar ƙwai idan ta doshi awa 500 a ƙurar garin nan, lokacin yin odar wata ya yi.